Sharhi kan wani ofishin kimanta gidaje a Kano da yadda ya sayar mana da gidan gado

Duk wanda ya daɗe yana bibiyar cinikin gidaje a Kano ya san cewa gidan gado yana da nasa farashin daban, kuma sau da yawa farashin nan yana ƙasa da na gidan da ke jingine da shi, ko da kuwa girmansu ɗaya ne, gininsu iri ɗaya, kuma a layi ɗaya suke. Wannan ne ya sa wasu ofisoshin masu kimanta filaye da gidaje suka fara yi wa magada tayin hidima ta musamman, wato su yi wa gida ƙiyasi a rubuce, su daidaita takardunsa, sannan su nemo mai saye. Mu magadan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, mun ɗauki ɗaya daga cikinsu aiki a 2024 domin sayar da gidan da ya bari a yankin Gwammaja. Ba zan kama sunan ofishin ba, saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa. Hukuncina shi ne kuɗin da muka biya ba su tafi a banza ba, amma ofishin ya ƙware ne wajen magance dalilan karyewar farashi da ke kan takarda, ya bar waɗanda ke tsakanin magada kusan yadda ya same su, alhali su ne suka fi cin dukiya.

Shugaban ofishin yana da rajista da ESVARBON, hukumar da dokar soja ta 1975 ta kafa domin yi wa masu kimanta filaye da gidaje rajista da sa ido kan aikinsu a Najeriya. Wannan rajista ita ce babban abin da ya raba shi da dillalin unguwa, domin ƙiyasin da ya sa wa hannu da hatimi takarda ce da banki ko kotu za su iya dubawa, kuma idan ya yi son zuciya a cikinta akwai inda za a kai ƙararsa. Sun caje mu naira 250,000 kuɗin ƙiyasi, da la'adar kashi 5 cikin 100 na abin da aka sayar, sannan duk abin da aka kashe wajen takardu daga aljihun magada zai fito. An rubuta wannan a yarjejeniya tun ranar farko, kuma ban ga sun saɓa wa abin da aka rubuta ba.

Kafin mu je wurinsu, dillalai sun riga sun fara sintiri a ƙofar gidan tun ba a yi sadakar arba'in ba. Na farko ya taya naira miliyan 18, na biyu ya kai 20, na uku ya tsaya a 22 yana rantsuwa cewa saboda mutuncin marigayi ne ya matsa wa mai sayen ya kai haka. Maganar da suka yi ta maimaita wa babban yayanmu ita ce: "Alhaji, gidan gado ne fa, ku sallama kowa ya karɓi haƙƙinsa tun ana ganin mutuncin juna." Daga baya muka fahimci cewa biyu daga cikin tayin nan uku na mutum ɗaya ne, ya raba su ta hannun dillalai daban-daban domin mu ɗauka kasuwa ce ta yi magana. Wannan shi ne dalili na farko da ke karya farashin gidan gado. Mai gida da ke raye yana iya ɓoye dalilinsa na sayarwa, ya ce albarka sau goma, ya koma ɗakinsa ya kwanta. Magada kuwa ba su da abin ɓoyewa, domin duk unguwa ta halarci jana'iza, ta san matan mamacin nawa ne, ta san wane ɗa ne ba shi da aiki da wace 'ya ce ake shirin aurarwa.

Aikin ƙiyasin shi ne abin da ya fi burge ni. Matasa biyu suka zo da tef na awo, suka auna filin da kowane ɗaki, ɗaya ya hau tsani ya duba kwanon rufi, ya leƙa cikin silin da tocila. Ɗayan ya riƙa ƙwanƙwasa bango da bayan makulli har ya gano cewa ɗakuna biyun da ke ƙuryar gida ginin ƙasa ne da aka yi wa fulasta da siminti, abin da wasunmu da aka haifa a gidan ma ba su sani ba. Ya nuna mana layin danshi da ya hau bangon bayan gida har kusan gwiwa, ya ce daga kwatar maƙwabta yake shigowa. Bayan haka suka kwatanta gidan da wasu gidaje uku da aka sayar a yankin ba da daɗewa ba, suka rage saboda tsufan gini, suka ƙara saboda layinmu mota tana shiga kuma akwai shago a jikin zaure. Rahoton ya fito da farashi biyu: naira miliyan 32 idan aka ba gidan lokaci ya zaga kasuwa yadda ya kamata, da naira miliyan 24 idan sayarwar gaggawa za a yi. Wannan lamba ta biyu ta buɗe mana ido ƙwarai, domin ta nuna cewa ko a ma'aunin wanda ya matsu, tayin dillalai bai kai ba, kuma ta nuna cewa gaggawa kaɗai tana iya cin kashi ɗaya cikin huɗu na darajar gida.

Abin tambaya shi ne me ya sa mutane masu hankali suke yarda da irin wannan asara, kuma amsar tana cikin lissafin rabon gado kansa. Mahaifinmu ya bar mata 2, 'ya'ya maza 4 da mata 6, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. Bisa ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i, matan biyu suna raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, ragowar kuma a raba wa 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. A lissafinmu sai ya kasance kowace mata da kowace 'ya tana da kashi ɗaya cikin 16 na gidan, kowane ɗa namiji yana da biyu cikin 16. A kan miliyan 32, 'ya mace tana da miliyan 2, ɗa namiji yana da miliyan 4. To, idan mai saye ya ce a rage masa miliyan 4, abin da 'ya mace za ta rasa naira 250,000 ne, ɗa namiji kuma 500,000. Mai saye shi kaɗai zai ci ribar miliyan huɗun nan gaba ɗaya, saboda haka yana da dalilin da zai sa ya jajirce, ya yi haƙuri, ya tafi ya dawo. A ɓangaren magada kuwa asarar ta rarrabu gida goma sha biyu, babu wanda kasonsa na asarar ya kai ya ɓata da 'yan'uwansa a kansa, musamman idan wadda ke roƙon a sallama ƙanwarsa ce da aka koro 'ya'yanta daga makaranta. Duk yadda magada suka ƙara yawa, haka kowannensu yake ƙara sauƙin cewa a bar wa Allah. Ni a ganina wannan shi ne tushen lamarin, sauran dalilan duk a kansa suke hawa.

Sannan buƙatun magada ba sa zuwa lokaci ɗaya. A cikinmu akwai wanda yake da rumfa a Kantin Kwari, yana ganin jarin miliyan uku a yau ya fi masa huɗu baɗi, kuma a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 ba za a ce bai yi lissafi ba. Akwai wanda yake da albashi, ba ya gaggawar komai. Akwai kuma iyayenmu mata, waɗanda suka yi takabar wata huɗu da kwana goma a gidan, kuma sayar da shi yana nufin tashi daga ɗakin da suka shafe shekaru aru-aru a ciki. Gida ɗaya mai zaure ɗaya da banɗaki biyu ba ya rabuwa kashi 16, kuma malamin da ya yi mana lissafin gadon ya bayyana mana cewa a mazhabar Malikiyya, idan abu ba ya rabuwa kuma ɗaya daga cikin masu tarayya ya nemi a sayar, ana tilasta wa sauran su sayar tare da shi. Ke nan wanda ya fi kowa matsuwa shi ne yake tsayar da lokacin ciniki, kuma masu saye sun san haka sarai.

Wajen takardu ne ofishin ya ci kuɗinsa da halal. Tun bayan Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne, kuma sashe na 22 na dokar ya ce ba a mayar da wannan haƙƙi ga wani sai da amincewar gwamna. Dubban gidaje a Kano an yi cinikinsu ba tare da bin wannan hanya ba, namu ma yana ciki. Satifiket ɗin gidan, wato takardar shaidar haƙƙin zama, yana ɗauke da sunan mutumin da gwamnati ta fara ba wa filin, mahaifinmu kuma ya saya daga hannunsa da takardar ciniki mai shafi ɗaya, wadda mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu, bai taɓa neman a canza suna ba har ya koma ga Allah. Muddin yana raye wannan bai dami kowa ba, domin ga shi ga shaidunsa. Da ya rasu sai ya zama mai saye zai ba da miliyoyi ga mutum goma sha biyu da babu sunan ɗayansu a kowace takarda, a kan gidan da satifiket ɗinsa yake ɗauke da sunan wani mamacin daban. Duk mai hankali zai rage kuɗi saboda wannan kasada, wanda kuma zai nemi rance daga banki ko ma'aikatarsa ba zai ma taya ba. Sai kasuwar ta koma hannun 'yan tsirarun masu kuɗi a hannu, waɗanda sana'arsu ke nan: su sayi gida mai matsala da arha, su gyara takarda, su sayar da tsada.

Ofishin ya bi wannan sarƙa ɗaya bayan ɗaya. Sun yi bincike a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Jihar Kano, suka tabbatar cewa ba a jinginar da gidan a banki ba kuma babu wani da ya yi rajistar iƙirari a kansa. Sun fitar da bashin kuɗin ƙasa, wato harajin filin da ake biyan gwamnati, da ya taru shekaru, muka biya. Sun nemo 'ya'yan mai filin na farko, waɗanda suka yi mana karamci suka sa hannu cewa sun san mahaifinsu ya sayar. Lauyan ofishin ya raka mu kotun shari'ar Musulunci, inda aka tabbatar da sunayen magada da kason kowa a rubuce, aka kuma naɗa wanda zai tsaya wa ƙaramin ƙaninmu da bai balaga ba, domin rabon maraya ba a sayar da shi da baki kawai. Ɗan'uwanmu da ke zaune a Legas ya aiko da takardar wakilci da aka yi rantsuwa a kanta. Lauyan ya nace a kan wannan sosai, ya ce babban abin da masu saye ke tsoro shi ne bayan shekara biyar wani ya ɓullo ya ce shi ma ɗan mamaci ne, ko ya ce yana nesa aka sayar da haƙƙinsa ba da saninsa ba. Ya kuma ja hankalinmu kan abin da jinkiri ke haifarwa: idan ɗaya daga cikin magada ya rasu kafin a raba, kasonsa yana komawa ga nasa magadan, sai mutum goma sha biyu su zama ashirin, a cikinsu har da surukai da jikokin da ba su san juna ba. Gidajen da ake gani sun zama kango a cikin birni, wasunsu irin wannan ne ya same su. Duka aikin takardun ya ci kimanin naira 900,000, kuma sun kawo rasit na mafi yawan abin da aka kashe, ko da yake akwai wasu ƙananan kuɗaɗe da aka rubuta a matsayin zirga-zirga ba tare da bayani ba.

Game da gyaran gida, shawararsu gajeriya ce kuma na yarda da ita. Sun ce kada mu taɓa ginin ƙasar, domin duk wanda zai saya rushe shi zai yi, kuma a lokacin buhun siminti ya kai naira 10,000 a wasu wurare. Abin da suka nema shi ne a toshe yoyon kwano, a kwashe tarkacen da ya cika tsakar gida, a yashe kwata, a biya bashin wuta. Kowa ya san gidan da mutane da yawa suka mallaka ba ya samun mai gyara shi, domin wanda ya fitar da kuɗinsa ba shi da tabbacin za a mayar masa, kuma damina ɗaya ta isa ta mayar da ƙaramin yoyo rufin da ya rufta.

Inda ofishin ya fara ba ni kunya shi ne neman mai saye. A yarjejeniya sun yi alkawarin tallata gidan, amma abin da muka gani allo ne da aka kafa a jikin bango, da hotuna marasa haske da aka saka a Facebook da wasu zaurukan WhatsApp. Mafi yawan mutanen da suka kawo su duba gidan ta hannun dillalan unguwar nan suka zo, wato mutanen da muka gudu daga hannunsu tun farko. Wani ma'aikacin ofishin ma ya faɗa wa mai dubawa a gabana cewa gidan gado ne kuma magada suna son a gama da wuri, maganar da ita kaɗai ta isa ta zaftare miliyan guda daga abin da mutumin zai taya. Gaskiya ne cewa ba za a ɓoye wa mai saye asalin gida ba, kuma bai kamata a ɓoye ba, amma faɗa masa cewa masu shi a matse suke ba ya cikin abin da amana ta wajabta. Wanda aka ba la'ada domin ya tsaya wa mai sayarwa ya kamata ya san abin da zai faɗa da abin da zai riƙe.

Na biyu, kuma wanda ya fi yi mini ciwo, shi ne yadda suka ɗauki babban yayanmu tamkar shi kaɗai ne mai gidan. Shi suke kira, shi suke aika wa saƙo, shi suka miƙa wa rahoton ƙiyasi. Yayanmu mutum ne mai amana kuma ya isar da komai, amma wannan sa'a ce muka yi, tsarin ofishin bai tanadi abin da zai faru da a ce ba haka yake ba. Iyayenmu mata biyu da 'yan'uwanmu mata shida su ne suke da kashi 8 cikin 16, wato rabin gidan cif, amma babu wanda ya zaunar da su ya karanta musu rahoton da Hausa. Rahoton da Turanci aka rubuta shi, cike da kalmomin sana'a. Sai da ɗaya daga cikin yayyenmu mata ta ce wa shugaban ofishin, "Ranka ya daɗe, mu ma fa da haƙƙinmu a ciki, a riƙa sanar da mu," sannan aka buɗe zauren WhatsApp da ya haɗa kowa. A gidaje da yawa mata ne ake kawo wa takarda a ce su dangwala hannu, an riga an gama ciniki a zaure, kuma ofishin da ke tallata kansa da hidimar magada ya kamata ya zama shi ne mai hana haka tun kafin a roƙe shi.

Na uku ya shafi la'adar kanta. Da aka sami tayin naira miliyan 28, sai muryar ofishin ta canza, suka fara cewa kasuwa ta yi sanyi, kuɗi sun yi wuya, gara a kama wanda ke hannu. Mutanen da suka rubuta miliyan 32 da hatiminsu su ne suka koma suna lallashinmu mu bar miliyan 4. Lissafin a bayyane yake: kashi 5 cikin 100 na miliyan 4 naira 200,000 ne kacal, alhali idan cinikin ya rushe gaba ɗaya suna iya rasa la'adar miliyan 1.4. Ke nan mai karɓar la'ada yana cikin irin halin da kowane magaji yake ciki, asararsa daga ragin kaɗan ce, ribarsa daga gamawa da wuri babba ce. Ban ɗauki wannan a matsayin ha'inci ba, tsarin biyan ne yake tura su can, amma ya kamata duk mai ɗaukar irin wannan ofishi ya san cewa a ranar yanke ciniki ba lallai ne buƙatarsa da tasu su zama ɗaya ba. Abin da ya taimake mu shi ne rahoton nasu da ke hannun kowa. Ƙanwarmu da ta fi kowa buƙatar kuɗin ita ce ta ce a ƙara haƙuri kaɗan, tunda yanzu ta san abin da ake nema ta bari.

Akwai kuma wata hanyar da gidan gado ke karyewa wadda ba a cika faɗa a fili ba, wato idan ɗaya daga cikin magada ne zai saya. Wani ɗan'uwanmu ya nuna sha'awar riƙe gidan domin kada ya fita daga dangi, niyya mai kyau da kowa ya yaba, amma abin da yake iya biya bai wuce miliyan 25 ba, kuma a hankali zai biya. A nan kunya take shiga, domin ba kowa ne zai iya yin ciniki da ɗan'uwansa yadda zai yi da bare ba. Haka kuma wanda ya gaji da jira ya ce zai sayar da kasonsa shi kaɗai ga wani na waje ba zai sami farashin kirki ba, saboda haƙƙin shuf'a ya ba sauran masu tarayya damar karɓe kason a kan kuɗin da aka saya, kuma babu baren da ke son sayen ɗaki a tsakiyar gidan wasu. Ofishin ya yi abin da ya dace a wannan gaɓa. Sun ce a ba ɗan'uwanmu fifiko idan ya daidaita da mafi girman tayin waje, idan kuma wani magaji yana son ya yafe masa wani abu, ya yafe daga kasonsa shi kaɗai a rubuce, amma ba a taɓa kason maraya. Ɗan'uwanmu ya duba ƙarfinsa ya janye, ba tare da an ɓata ba.

A ƙarshe an sayar da gidan naira miliyan 30 ga wani ɗan kasuwa da ya zo ta hannun lauyansa, wanda ya ce kammaluwar takardun ce ta sa ya ƙara a kan tayinsa. An biya ta asusun banki, an raba a gaban shaidu bisa takardar kotu, kowa ya sa hannu ya karɓa. Idan aka cire la'adar miliyan 1.5, da kuɗin ƙiyasi, da na takardu, abin da ya rage naira miliyan 27.35 ne. Da mun karɓi miliyan 22 na dillalai muka cire musu irin wannan la'ada, da miliyan 20.9 za mu raba. Bambancin ya kai kimanin naira 400,000 ga kowace 'ya mace, da kimanin 800,000 ga kowane ɗa namiji. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa aikin ya ɗauki kusan rabin shekara, kuma a shekarar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba, wani ɓangare mai yawa na wannan ƙari tsadar kaya ta cinye shi. Ribar tana nan, amma ba ta kai yadda lambobin suke nunawa a ido ba, kuma ƙiyasin da ya kwana wata shida a irin wannan yanayi ya kamata a sabunta shi, abin da ofishin bai yi ba kuma bai ba da shawarar a yi ba.

Ina ba da shawarar irin wannan ofishi ga magadan da gidansu yake da daraja mai yawa, ko takardunsa suke da giɓi, ko a cikinsu akwai marayu da waɗanda ke zaune nesa. Ƙaramin gida a lungun da mota ba ta shiga, wanda maƙwabci ne kaɗai zai saya domin ya faɗaɗa nasa, kuɗin ofishi na iya cinye ribar da za a samu, kuma dillali mai amana tare da mai unguwa da malamin da ya san lissafin gado sun wadatar. Ko a irin wannan hali ina ganin biyan kuɗin ƙiyasi kaɗai, ba tare da ba su sayarwa ba, yana da amfani, domin yana ba kowane magaji lamba ɗaya da zai riƙe. Wanda kuma zai ba su aikin gaba ɗaya, ya nemi a rubuta a yarjejeniya cewa za a tara dukkan magada maza da mata a karanta musu rahoton da harshen da suke ji, kowane tayi za a sanar da kowa a lokaci ɗaya, ba za a sallama ƙasa da wani adadi da aka amince da shi ba sai da sa hannun kowa, kuma la'adar ta ƙaru idan an kai farashin ƙiyasi, ta ragu idan an gaza kai shi. Na tambayi shugaban ofishin ko zai karɓi wannan sharaɗi na ƙarshe daga wasu magadan nan gaba, ya ce zai karɓa idan an ba shi wa'adin da ya isa ya nemi mai saye.